Hotuna a Sabon Gidan Fuskoki na Landan

Shirin namu na yau ya leƙa birnin Landan ne, zuwa National Portrait Gallery da ke daf da dandalin Trafalgar, gidan da tun 1856 ba shi da aiki sai tara fuskokin mutanen da suka yi suna a tarihin Birtaniya.

Shekara 3 gidan ya yi a garƙame ana gyara, aikin da ya lashe sama da fam miliyan 41. Ran 22 ga Yunin 2023 aka sake buɗe shi. An fasa sabuwar mashiga mai ƙofofin tagulla 3, inda Tracey Emin ta zana fuskokin mata 45, an kuma buɗe tagogin da aka daɗe da toshewa, haske ya samu hanya.

Da baje kolin hotuna biyu aka yi wa baƙi maraba. Wanda ya fi jan jama'a shi ne na Paul McCartney, mawaƙin ƙungiyar Beatles: hotuna sama da 250 da ya ɗauka da 'yar kyamararsa Pentax daga Disambar 1963 zuwa Fabrairun 1964, lokacin da duniya ta haukace a kansu. Armashinsu shi ne, wanda 'yan jarida ke farauta shi ne ya juyo musu da kyamara. Akwai wanda ya ɗauka ta gilashin bayan mota a New York, mutane na bin su a guje a tsakiyar titi. Akwai na Miami, inda ya matso da kyamara kan bindigar da ke ƙugun wani ɗan sanda. Yaro ɗan Liverpool irinsa bai saba ganin ɗan sanda da makami ba. Wasu hotunan ma sun yi dishi-dishi, amma wa ya damu?

Sai dai in don ƙwarewa ce, ni dai Yevonde, mai baje koli na biyu, zan ba tuta. An haife ta a 1893, ta buɗe shagon ɗaukar hoto tana da shekara 21, ta kuma rungumi hoto mai kala a shekarun 1930, zamanin da manyan masu sana'ar ke yi masa kallon wasan yara. Dabarar Vivex da ta yi aiki da ita wahala ce tsagwaronta: kowane hoto sai an ɗauke shi a faranti 3, kowanne da launinsa, sannan a ɗora wani bisa wani har su dace. A 1935 ta sa matan manyan Landan suka yi shigar gumakan tatsuniyoyin Girka, ɗaya har da macizan roba nannaɗe a ka. Jan launin hotunan nata kamar yau aka rina shi. Yaƙin duniya na biyu ne ya kashe kamfanin da ke wanke mata hotunan, dole ta koma fari da baƙi.

Shiga babban gidan kyauta ne, baje koli na musamman irin waɗannan kuwa sai da tikiti. Cikin abin da gidan ya mallaka har da hoton Malala Yousafzai wanda Shirin Neshat 'yar Iran ta ɗauka, ta bi shi da rubutun hannu cikin haruffan Larabci.