Indonesiya: Ƙasar da Harshe Ya Haɗa Kanta

Gabatarwa

Da wuya a sami ɗalibin da bai taɓa dafa Indomie ba, amma kaɗan ne suka san cewa asalin wannan taliya daga Indonesiya ne. Ƙasar tana kudu maso gabashin Asiya, tana da tsibirai fiye da 17,000 da mutane sama da miliyan 270. Ita ce ta huɗu a yawan jama'a a duniya. To, yaya aka yi jama'a mai yawa haka, a warwatse cikin teku, ta zama ƙasa guda?

Harshe da Siyasa

Ana magana da harsuna sama da 700 a ƙasar. A shekarar 1928, tun Turawan Holan suna mulki, matasa suka taru suka yi alkawarin riƙe ƙasa ɗaya da al'umma ɗaya da harshe ɗaya. Ba su zaɓi Jabananci ba, duk da cewa masu shi sun fi kowace ƙabila yawa. Sai suka ɗauki Malayanci, harshen fatake da tashoshin jiragen ruwa, domin kada wata ƙabila ta ga an danne ta. Shi ne ya zama Bahasa Indonesiya.

Sukarno ya shelanta 'yancin kai a 1945. Janar Suharto ya karɓi mulki a 1967, ya riƙe shi da ƙarfin soja har 1998, lokacin da karyewar tattalin arziki da zanga-zangar ɗalibai suka sauke shi. Tun 2004 jama'a ke zaɓen shugaba kai tsaye. Prabowo Subianto ya hau mulki a 2024.

Tattalin Arziki

Indonesiya ce ta fi kowace ƙasa samar da manja da ma'adinin nikel, wanda ake sa wa a batirin motocin lantarki. A 2020 ta hana fitar da ɗanyen nikel, don a riƙa sarrafa shi a gida. Masana'antu sun ƙaru, sai dai dazuzzuka da ruwaye sun ji jiki. Ƙasar tana cikin G20, kuma ta shiga BRICS a 2025.

Kammalawa

A ganina, darasin da ke nan gare mu ɗaliban harshe shi ne: zaɓen harshen ƙasa ba zancen aji kawai ba ne. Idan aka yi shi da adalci, yana iya zama tushen da siyasa da arziki za su tsaya a kai.