Alƙalamin tawada mai sauƙin kuɗi: a duba tawada kafin suna

Ma'aikacin da ke wuni yana rubutu zai ji daɗin alƙalamin da ake ɗura wa tawada, domin ba ya buƙatar dannawa kamar bik, hannu ba ya saurin gajiya. Sai dai idan ba a yi zaɓe da lura ba, kuɗin sun tafi a banza.

Abin dubawa na farko shi ne tawada. Lamy Safari na Jamus, wanda ya fito a 1980, da Pilot da Platinum na Japan, kowanne da irin bututun tawadarsa, na wani ba ya shiga na wani. Saboda haka 'yan ci-rani masu aiko da shi tsaraba su haɗo da 'yar famfon da ke zuƙo tawada daga kwalba. Jinhao na ƙasar Sin ya fi araha, kuma galibi da famfonsa yake zuwa.

Na biyu shi ne baki. Takardar ofis mai arha tana shan tawada, don haka siririn baki mai alamar F ya fi dacewa. F ɗin Japan ya fi na Jamus siranta.

Na uku shi ne murfi. Zafin bazara da iskar hunturu kan busar da baki, shi kuwa Platinum Preppy murfinsa na toshe iska sosai.

Kada a kuskura a zuba masa tawadar allo: ƙaron da ke cikinta toshe shi zai yi. A riƙa ɗauraye shi da ruwa zalla lokaci-lokaci, sai ya yi shekaru yana aiki.