Motar gazuwal ta hannu: araha a wajen saye, tsada a garaji

Wani maƙwabcina a Maraɗi, malamin makaranta, ya yi shekara huɗu yana adashi don ya sayi mota. Da kuɗin suka cika, dillali ya kai shi wurin wata mota mai shan gazuwal, fentinta na walƙiya, kuɗinta kuma ƙasa da na sa'o'inta masu shan isansi. Da rana tsaka aka tada masa ita, ta ɗauka nan take, ya biya. Kwana goma bayan haka, a hanyar Damagaram, inji ya yi zafi, farin hayaƙi ya turnuƙe, aka jawo ta da igiya. Yau wata biyar ke nan tana garaji. Hausawa dai sun ce araha ba ta ado.

Irin wannan labari ya yi yawa a Yamai, Tawa, Maraɗi da Damagaram. To, mene ne dalili?

Daga ina motocin ke fitowa?

Galibin motocin da muke hawa sun gama wata rayuwa a ƙetare kafin su iso mana. Wani rahoton hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na shekarar 2020 ya nuna cewa tsakanin 2015 da 2018 ƙasashen Turai, Amurka da Japan sun fitar da ƙananan motoci na hannu miliyan 14, kuma Afirka ce ta kwashi kaso mafi girma. A da ta tashar Kwatano suke shigo mana. Bayan rufe iyakar Gaya a 2023, ƴan kasuwa da dama suka karkata zuwa Lome.

A Turai kuwa, farin jinin gazuwal ya faɗi tun 2015, lokacin da aka gano kamfanin Volkswagen yana maguɗi a gwajin hayaƙin motocinsa. A 2018 birnin Hambug na Jamus ya fara hana tsofaffin motocin gazuwal bin wasu tituna. Masu irin waɗannan motoci suka yi ta rabuwa da su, wasu da lafiyarsu, wasu da ciwonsu.

Gazuwal ɗin jiya ba na yau ba ne

Mutanenmu suna ƙaunar gazuwal ne saboda abin da suka sani: tsohuwar Peugeot 504, Mercedes 190 da Land Cruiser masu ratsa Tenere. Waɗancan injuna ba su da kwamfuta, suna haƙuri da kowane irin mai, kuma makanikin ƙauye ma yana kwance su ya ɗaure.

Na zamani ba haka suke ba. Famfon mai yana tura gazuwal da matsi mai tsanani, wanda ya kan haura bar 1,600, ta ramukan injekta masu siranta kamar gashi. Ɗan ruwa ko ƙura a man jarka na bakin hanya ya isa ya lalata su. Haka kuma, tun wajen 2009 dokar Turai ta sa sabbin motocin gazuwal ɗaukar matatar hayaƙi a salansa. Wannan matata tana son mai marar datti da doguwar tafiya domin ta ƙone kunkunniyar da ta tara. Motar da aikinta gida, kasuwa, makaranta ne, matatarta kan toshe, ƙarfinta ya ragu. Kayan gyaran kuwa sai an aiko daga waje, kuma ba kowane garaji ke da na'urar binciken kwamfuta ba.

Abin da za a duba kafin a biya

Na farko, a je da sassafe, inji na sanyi. A ɗora hannu a kansa: in da ɗumi, an riga an tada shi kafin ka zo. Injin da ya gaji da safe yake tona kansa, ya yi ta gurnani kafin ya ɗauka.

Na biyu, hayaƙi. Baƙi yana nuna mai ya fi iska yawa, wato injekta, matatar iska ko turbo. Shuɗi na nufin inji yana cin baƙin mai. Farin da bai ɗauke ba bayan inji ya yi ɗumi kan nuna ruwa na shiga ciki, kamar yadda ya sami malamin nan.

Na uku, a buɗe murfin baƙin mai. In an ga wani abu kamar kindirmo a jikinsa, ruwa ya haɗu da mai. In inji na aiki kuma hayaƙi na busowa da ƙarfi ta wurin, ya ci jikinsa. A lura da man da ya yi kauri fiye da kima, don akwai masu zuba shi su ɓoye ƙara. Kumfar da ke tasowa a ruwan radiyato ita ma mummunar alama ce.

Na huɗu, kada a yarda da zagaye unguwa kawai. A hau kwalta, a yi tafiyar aƙalla rabin awa da mutane a ciki, ido na kan allurar zafi. Lambar kilomita kuwa ana iya mayar da ita baya. Sitiyari, kujera da fedal sun fi ta faɗin gaskiya.

Na biyar, ka zo da makanikinka, ba na mai sayarwa ba, ka biya shi ladansa. Dillali la'adarsa yake jira, ba zai bi ka garaji ba. A gwada lambar shasi da ta takardun duwan da katin mota, a rubuta ciniki gaban shaidu.

Akwai kuma masu sayen mota da saninsu cewa injinta na da matsala, don an rage musu kuɗi. Wannan ba laifi ba ne ga wanda ya san ainihin ciwon, ya tambayi kuɗin kayan gyara, ya tabbata ana samun su a ƙasa. Amma wanda aka ce masa “ɗan ƙaramin abu ne”, sai ya tambaya: in ƙarami ne, me ya hana mai ita gyarawa?

Ga direban da ke zirga-zirga tsakanin Yamai da Agadas, gazuwal na da riba, don bai cika shan mai ba. Ga ma'aikacin da ba ya fita gari, ƙaramar mota mai isansi ta fi kwanciyar hankali. Malamin namu dai ya koma kan babur ɗinsa, yana tara kuɗin wani injin. Sayen nagari, mayar da kuɗi gida.