Kumburin hanji mai daɗewa da ciwon daji

Dukanmu mun san atuni. Idan an sha magani, yana warkewa cikin ƴan kwanaki. Amma akwai wani ciwon hanji da ke lafawa ya dawo shekara da shekaru. Mai shi yana fama da zawo, da jini da majina a bayan gida, da murɗar ciki, da rama. Wannan shi ne kumburin hanji mai daɗewa. Wani nau'insa yana ɗauke da sunan lokotoro Krohn na Amurka, wanda ya bayyana shi a 1932.

Me ke faruwa a cikin ciki?

A cikin jininmu akwai fararen ƙwayoyi, su ne sojojin jiki. Idan cuta ta shigo, sai su aika wa juna saƙo, kamar yadda mai shela ke kiran mutanen gari wajen kashe gobara. Masana sun raɗa wa biyu daga cikin saƙonnin nan suna TNF da IL-6. Da an gama da cuta, sai shela ta tsaya, wurin ya warke.

Ga mai wannan ciwo kuwa, shela ba ta tsayawa. Sojoji suna ta zubo abubuwa masu ƙuna, har su ɓata fatar cikin hanji. Saƙon nan kuma yana umartar ƙwayoyin hanji su yi ta hayayyafa don su toshe gyambo. Kowace ƙwaya tana ɗauke da rubutun halittarta, kuma duk lokacin da za ta rabu biyu sai ta kwafe shi. Yawan kwafi cikin gaggawa yana kawo kuskure. Ƙwayar da ta lalace ya kamata ta mutu, amma saƙon yana hana ta mutuwa. Daga nan ne ciwon daji na babban hanji kan fara.

Tun a 1863 lokotoro Firko na Jamus ya danganta ciwon daji da kumburi mai daɗewa. A 2004, masana a Amurka suka tsai da wannan saƙo a hanjin ɓeraye, sai ciwon daji ya ragu a cikinsu.

Me ya kamata mu yi?

Yawancin masu kumburin hanji ba sa kamuwa da ciwon daji. Amma haɗari yana ƙaruwa bayan shekara 8 zuwa 10 da fara ciwon. Don haka:

1. Kada mu ce kowane jini a bayan gida basir ne. Idan ya daɗe, mu je likita.
2. Mai ciwon kada ya bar magani don ya ji sauƙi, sai lokotoro ya ce.
3. Bayan shekara 8, a duba cikin hanji da na'ura mai fitila a babbar likita.

Ciwon dajin da aka gano da wuri ya fi sauƙin magani. Mu karanta wa maƙwabtanmu wannan bayani. Allah ya ba mu lafiya.