Kwanon da Aka Ware wa Gwaggo

A ƙauyukan da ke kewaye da Kornaka, idan jikin mutum ya fara fitar da bororo ba wuta ce ta ƙone shi ba, fata tana salewa tana barin miki, hukuncin gida ɗaya ne: a ware masa kwano da moɗa da tabarma, a hana yara raɓarsa. Ban ga laifin dattawan da suka kafa wannan doka ba. Sun ga agana da idonsu kafin a ce an kawar da ita daga duniya a 1980, sun ga ƙyanda da ƙarambau suna bin gida ɗaki-ɗaki, ƙazuwa kuwa kwana ɗaya a tabarma ɗaya ya ishe ta. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya ja da baya. Amma da girmamawa nake cewa akwai ciwon da wannan doka ba ta hau kansa ba, kuma a jikin gwaggona na san shi.

Ta baki ya fara mata. Wata da watanni tana fama da gyambon baki, tuwo ya gagara, fura ma sai an dama ta ruwa-ruwa, ba yaji. Can sai bororo ya feso a baya da ƙirji, mai laushi, da an taɓa ya fashe. Kullum da asuba zanenta ya manne da miki, sai an jiƙa shi da ruwan ɗumi ana ɗagawa kaɗan-kaɗan, tana cije leɓe. Wasu suka ce kuturta, wasu suka ce sammu. Daga likitar Kornaka aka tura mu Dakoro, daga can Maradi, inda aka gaya mana sunansa: femfigus.

Ba ƙwayar cuta ke kawo shi ba, don haka babu abin da zai tsallaka daga jikinta zuwa na wani. Garkuwar jikin mutum ce ke ruɗewa, ta afka wa wani sinadari mai aikin ƙaro wanda ke liƙe ƙwayoyin fata da juna. Da ƙaron ya saki, sai ruwa ya shiga tsakani, bororo ya tashi. Masu bincike biyu a Amurka, Beutner da Jordon, su suka gano haka a jinin majinyata a 1964. Kuturta dabam take: ƙwayar cuta ke kawo ta, kuma tabonta ba ya jin taɓi, ma'aikatan asibitin kutare na Danja sun fi kowa sanin wannan. Mikin femfigus kuwa raɗaɗi ne zalla. Hasali ma majinyacin ne ke cikin haɗari daga gare mu, domin fatarsa a buɗe take, hannu mai dauɗa ko garin magani da aka barbaɗa na iya sa mikin ya ruɓe.

Kafin zuwan maganin kotizon a shekarun 1950, yawancin masu irin nata ba sa tashi. Yau ana rayuwa da shi shekaru, sai dai maganin na da nasa nauyi: fuska ta kumbura, suga da jini su hau, ƙashi ya yi rauni, kuma ba a yanke shi rana ɗaya don an ga sauƙi.

A 1994 likitocin fata a Kadif ta Birtaniya suka tsara tambayoyi 10 da ake yi wa mai ciwon fata. Ba girman miki suke aunawa ba. Suna tambayar kunyar da yake ji, da tufafin da ya daina sawa, da aikin da ya bari, da zamansa da iyali. Da an yi wa Gwaggo su, na san inda za ta tsaya. Wata rana da la'asar ta ce da ni, "Ɗana, ba mikin ke hana ni barci ba. Jikata ce ta taho da gudu za ta faɗa jikina, uwarta ta fizge ta."

Ranar da muka dawo daga Maradi da bayanin likita, mahaifiyata ba ta yi dogon zance ba. Ta ɗauko kwanon nan da ake kifewa shi kaɗai a gindin rumbu, ta wanke, ta dama fura a ciki. Ta kurɓa da ludayi, ta miƙa wa Gwaggo, sannan ta kira yarinyar ta zaunar da ita a tsakaninsu.