3.4 Waken Suya a Abincin Masu Raunin Tayirod a Jibiya

Wannan sashe ya dubi matsayin waken suya a abincin masu fama da raunin tayirod, wato halittar nan da ke gaban maƙogwaro wadda Hausawa ke kiran kumburinta maƙoƙo. Idan ta gaza samar da isasshen sinadarinta, mutum kan yi fama da kasala da yawan jin sanyi da ƙiba, sai likita ya ɗora shi a kan ƙwayar levothyroxine, galibi har iya rayuwarsa.

A Magama, mashigar iyakar Jibiya da ke kan hanyar Katsina zuwa Maraɗi ta Ɗan Isa, awara na daga cikin abin da direbobi da 'yan dako da matafiya ke karya kumallo da shi, saboda arha. Ban da awara, waken kan shiga kunu da madara da garin kunun yara, har ma da daddawa, ta yadda mai ci ba lallai ya san da shi ba.

Matsalar ta fi shafar mai shan magani. Waken suya na rage yawan maganin da hanji ke tsotsa, don haka wanda ya haɗiyi ƙwayarsa da asuba ya bi ta da awara, wani kaso nata ya tafi a banza. Abin da likitoci ke shawarta shi ne a sha maganin da ruwa zalla kafin a ci komai, a jinkirta abincin waken suya da kimanin awa 4. Wanda kuma ya fara cin waken a kai a kai, ko ya daina, ya kamata a sake auna jininsa bayan mako 6 zuwa 8, domin a daidaita masa magani. Haramta waken baki ɗaya, kamar yadda wasu ke yi, tsanani ne ga talakan da nama ya fi ƙarfinsa.

Akwai kuma batun aidin. Sinadaran da ke cikin waken na iya kawo cikas ga aikin tayirod, amma illar ta fi bayyana ne inda aidin ya yi ƙaranci a jiki. Nijeriya ta wajabta sanya aidin a gishirin ci tun 1993, sai dai a garin iyaka irin Jibiya akan samu gishirin gargajiya na Sahara, irin na Bilma, wanda ba a sa masa aidin ba. Gero ma, wanda shi ne cimar yankin, an gano yana da sinadarai masu irin wannan tasiri.