Zinariyar Taraba: Yau a Hana, Gobe a Yi Lale

Ba a san Kona da ramin zinariya ba. Mutanen Kona manoma ne a gefen Jalingo. Ramukan suna can wajen Bali da Gashaka. Amma hukuncin buɗe su ko rufe su a nan maƙwabta, Jalingo, ake yanke shi. A 2023, hawansa ke da wuya, Gwamna Agbu Kefas ya dakatar da haƙar ma'adinai a jihar, ya damƙa aikin ga kwamitin Birgediya Janar Jeremiah Faransa mai ritaya.

Hukuma tana da hujja. A 2010 gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a Zamfara, wuraren Anka da Bukkuyum, domin a tsakar gida ake dakan dutsen zinariyar, ƙurar na sauka inda yara ke rarrafe. Zaibar da ake kama zinariya da ita kuwa rafi take komawa.

Sai dai bakin gwamnati ba ɗaya ba ne. A Afrilun 2019 Abuja ta hana haƙa a Zamfara saboda 'yan bindiga. A Yulin 2020 ga Shugaba Buhari yana karɓar zinariyar ƙananan mahaƙa mai nauyin kilo 12.5, wadda Babban Banki ya saya. A Disamban 2024 Minista Dele Alake ya ɗage haramcin Zamfara, bayan shekara biyar ɗin da ba a daina haƙa ba, ba a kuma daina harbi ba. Ga wani ƙulli: tsarin mulki ya ba Tarayya ikon ma'adinai, ƙasa kuwa a hannun gwamna take. Mai lasisin Abuja sai ya zo ya tarar da shingen Jalingo.

Abin da ke tura saurayi rami bai canja ba: taki ya yi tsada, naira ta faɗi, zinariya ta tashi. In an kai samame, shi ake kamawa da shebur da buhu, ubangidan da ya saya masa injin niƙa yana birni. Kuma da zarar haƙa ta koma ta dare, dillali ne ke cin riba. Ya aza garin zinariya a sikelinsa, ya faɗi abin da ya ga dama, tunda wanda ake nema ba ya tsayawa ciniki, balle ya kai ƙara. Jiha ta rasa kuɗin shiga, ramin kuma babu mai cike shi.